Sunayen da Ake Kira a Ramin Tushe

Asabar, da hantsi

Ɗiyata Habiba ta ba ni wannan littafin, ta ce in riƙa yin zane duk lokacin da na sha magani. Na sha, ga zanen. Sauran takardar tawa ce, zan cika ta da wannan bokon nawa na yaƙi da jahilci da na koya bayan gemu ya yi fari. In rubutun ya karkace ba komai, katangata dai ba ta taɓa karkacewa ba.

Lafiya lau nake. Matata Zuwaira ta dama mini kunun tsamiya, na zauna gindin bishiyar bedi ina kallon masunta suna dawowa daga tabki.

Abin da ya faru ranar Alhamis a Ɗan Issa ba wani abu ba ne. Mu a gidanmu na gini ba a zuba komai a tushe sai babba ya sauka ramin ba takalmi, ya kira sunayen maginanmu da suka riga mu gidan gaskiya, ɗaya bayan ɗaya, ana cewa amin, sannan a shafa Fatiha. Wurin maigidana Ɗan Baba na gaji wannan, yanzu shi ne na farko a jerin. Sunayen ba su a takarda, a kaina suke, ni kaɗai. Ranar Alhamis na sauka, na yi ta kira, har na zo kan abokina, mijin Ɗelu, wanda muka tashi tare tun muna ɗaukar laka. Ina ganin fuskarsa, har haƙorinsa na gaba da ya karye. Sunan ne babu. Na tsaya. Liman ya yi gyaran murya ya ja Fatiha, aka zuba siminti, ba wanda ya ɗaga ido ya dube ni. Rana ce ta yi yawa.

Jiya sun kai ni asibitin Maradi wurin lokotoro. Abin da ya ce, ya ce.

Asabar, bayan magariba

Sunan bai dawo ba. Ba zan tambayi kowa a gidan nan ba.

Lahadi, bayan la'asar

Na sayi karfasa a bakin tabki na kai wa Ɗelu. Na same ta tana tsince zogale a tsakar gida.

Ta ce, "Sarkin magina da kansa, har da kifi. Me ka ɓata?"

Na ce ban ɓata komai ba, zumunci ne. Muka yi hirar gero, muka yi hirar ƙafarta. Can na ce, "Jikan nan naki na Katsina, sunan wa ma ya ci?"

Ta ce, "Na marigayi mana. Ba kai ka raba goron ba? Shi ya sa muke ce masa Abba."

Na juya ta nan, na juya ta can. Ta ce abokinka, ta ce marigayi, ta ce mai gidan nan. Macen da ta gama zaman aure ba ta taɓa kiran sunan mijinta ba, ba za ta fara yau saboda karfasa ba. Ban ga laifinta ba. Ni ma babban ɗana ban taɓa kiran sunansa da baki ba. A takarda zan iya: Lawali. A baki kuwa "kai" nake ce masa, ko Patoro, wato maigida, in ina son tsokana.

Ta soya kifin ta tsare ni sai da na ci. Da gishiri. Zuwaira ba za ta ji wannan ba.

Litinin, da azahar

Na je biro, ofishin kamfaninmu. Sun ce in huta, na ce kujerar biro ma ta hutawa ce.

Kamfanin nan da cokalin gini ɗaya da jaki na fara shi. Yanzu Lawali ne ke riƙe da shi, Habiba ce kontabul mai riƙe lissafin kuɗi, kuma aiki ya yi yawa har ya fi ƙarfin kai. Akwai ajujuwan lakwal, makarantar boko, a Sarkin Yamma, shaguna a Ɗan Issa, gidaje nan cikin gari, ga kuma ɗakin ajiyar kifi da za a fara a bakin tabki. Watan jiya kamyo, babbar motarmu ta kaya, ya sauke siminti inda ake jiran yashi, magina suka wuni suna shan shayi.

Shi ya sa suke son sayen abin da suke kira lojisiyel. Lawali ya ce wani tsari ne da ake sa wa cikin ordinatar, wato kwamfuta, da salula, ya riƙe wa kamfani komai: wa ke aiki a ina, siminti nawa ya rage, wane gini ya kai ina. Na ce ashe ni ne lojisiyel ɗin a da, ba a dai biya na kowane wata. Habiba ta yi dariya. Lawali bai yi ba, tun ranar Alhamis ba ya dariya.

Talata, da asuba

Hamisu. Hamisu. Hamisu mai karyayyen haƙori.

Ina alwala ya faɗo, kamar ba inda ya je. Na ce masa ina ka shiga, ɗan banza. Allah ya jiƙanka.

Laraba, da la'asar

Masu sayar da abin su biyu ne, kowa da nasa.

Na farko bai ma zo ba, daga Yamai ya yi magana ta cikin ordinatar, da kwat da igiyar wuya. Nasa kyakkyawa ne, launi-launi, yana zana ginin tun ba a yi shi ba. Amma sai da rezo yake aiki, wato inda salula ke kamawa. Yana cikin bayani fuskarsa ta daskare baki buɗe, muka zauna muna kallon haƙoransa. Habiba ta ce a Ɗan Issa in ka juya kudu salula barka da zuwa Najeriya take yi maka, to ta yaya shugaban aiki zai shigar da siminti?

Na biyu Shamsu ne, mutumin Maradi, ya zo kan babur da ƙura har gira. Nasa ba shi da ado. Amma ana iya cika shi cikin daji ba rezo, in an dawo gari da yamma ya kai labari biro da kansa. Shi Lawali, na mutumin Yamai yake so, ya ce manyan kamfanoni shi suke amfani da shi, kuma in za a nemi babban aiki ana duba irin wannan. Habiba kuwa na Shamsu take so. Suka yi ta yi da Faransanci kamar ba na wurin.

Na tambayi Shamsu abu ɗaya. Na ce in na nuna masa gini, zai gaya mini wa ya gina shi? Ya ce in an shigar, zai faɗa, ko bayan shekara nawa. Na ce to.

Alhamis, da hantsi

Na sha, ga zanen. Zogale da ƙuli, ba gishiri. Zuwaira ta ce, "Malam, in ka ɓata fuska ma haka za ka ci." Na ci, kuma ya yi daɗi, amma ban gaya mata ba.

Jumma'a, bayan masallaci

Sun ɗauki na Shamsu. Lawali ya ce a gwada shi zuwa damina, in bai yi ba a canja. Yaron yana da taurin kai amma yana jin magana in ta yi nauyi. Ban san inda ya samo taurin kan ba.

Habiba ta biyo ni gindin bedi da shayi. Na san akwai magana.

Ta ce, "Baba, sunayen nan. Ka ba ni in shigar da su."

Na ce ba na ba. Sunan mamaci ba buhun siminti ba ne. Kuma sunan da aka karanto daga gilashi kamar kiran masu haraji ne, ba addu'a ba.

Ta ce, "Ba don ka karanta ba. Kai za ka ci gaba da kira da kanka. Don a ajiye ne."

Na ce a ajiye suke.

Ta juya kofi a hannunta. Sannan ta ce, "Ranar nan a Ɗan Issa ina tsaye. Na so in taya ka, sai na ga ni ma ban san na gaba ba. Tun ina ƙarama nake bin ka ina ji, amin kawai nake cewa. Yaya ma haka."

Na ce shayin ya yi sanyi.

Asabar, da yamma

Ban je ko'ina ba. Na gyara wa Zuwaira murhu. Kofi ya suɓuce mini, ai hannun kofin ne ya yi santsi.

Lahadi, da hantsi

Na zauna in jera su a kaina daga Ɗan Baba zuwa ƙasa. Sun zo. Na sake, ɗaya ya ɓace, ba Hamisu ba, wani. Na sake, ya dawo, wani ya tafi. Kamar awaki a bakin garke.

Na aika a kira Habiba.

Talata, bayan la'asar

Kwana biyu muna yawo a mota, ni da ita. Na ce mata ba zan zauna a biro in zubo su kamar lissafi ba, sai dai mu je inda suka yi aiki. Haka muka yi. In na dafa katanga sunan yana zuwa da kansa.

Masallacin unguwar masunta, Ɗan Baba da Al'amin dogo. Rijiyar bayan kasuwa, Ɗanladi Gurgu, takwarana, wanda ke waƙa a cikin rami har mata su taru. Tsohon sito na Sarkin Yamma, ni da Hamisu, shekarar da ruwa ya cinye mana bulo muka sake bugawa muna zagin juna. Ita tana shigarwa a salula, tana ɗaukar hoton ginin, tana tambaya: wane ne ya bari, ina iyalinsa? Wasu ta san su, don duk salla muna kai musu shinkafa.

A Sarkin Yamma wata tsohuwa ta gane ni, ta kawo mana fura mai sanyi. Na sha har na yi gyatsa. Rabon da in ji daɗin fita haka na manta.

Laraba, da azahar

Mun yi faɗa a biro, ƙarami.

Abin nan gida biyu gare shi na mutane: masu aiki, da waɗanda suka bar aiki. Habiba za ta sa su Hamisu a na biyu. Na ce ta karanta mini su wa ke ciki. Ta karanta: yaron da ya sace rodi, da wanda ya gudu Libiya ya bar mana katanga rabi.

Na ce Hamisu ba zai kwana ɗaki ɗaya da ɓarawon rodi ba. Bai bar aiki ba, mutuwa ya yi, da siminti a farcensa.

Ta ce, "Baba, gidan farko na masu zuwa aiki ne kullum. Kuma ba ya karɓar mutum sai da lambar salula."

Na ce ta sa ta iyalansu, ai tana da su.

Ta kira Shamsu. Ya ce zai iya gina gida na uku amma sai wata mai zuwa, yanzu yana Tasawa. Ta dube ni, na dubi bango. Ta ce, "To, na ɗan lokaci. Amma ka shaida na faɗa." Na shaida.

Jumma'a, da yamma

Gaskiya abin yana aiki. Yau ya nuna cewa rodin da ake nema a Sarkin Yamma yana kwance a Ɗan Issa tun makon jiya. Lawali ya aika kamyo, kafin la'asar an kai. Shugabannin aiki suna gunaguni, wai yatsunsu sun yi kauri ga gilashi, amma suna cikawa. Lawali ya yi dariya yau, na ji shi daga waje.

Na ce Habiba ta nuna mini sito na Sarkin Yamma. Ta taɓa, hoton ya fito, ƙarƙashinsa sunana da na Hamisu. Na daɗe ina kallo. Na ce ta kashe kada batir ya ƙare.

Asabar, da hantsi

Na sha. Lafiya lau nake.

Litinin, bayan magariba

Alhamis za a zuba tushen ɗakin kifi. An gama haƙa.

Yau a masallaci na gaisa da wani mutum da ya san ni sosai, ya tambayi Zuwaira, ya tambayi yara. Na amsa masa da kyau. Har yanzu ina tunanin ko wane ne.

Na yanke shawara. Ranar Alhamis zan ce ƙafata na ciwo, ba zan iya sauka rami ba. Liman ya yi addu'a dunƙule, duk maginan da suka rasu Allah ya jiƙansu, a shafa. Ai sunayen suna cikin abin nan yanzu, ba su ɓata ba. Ba wanda zai ce komai. Magina yaran yanzu ne, sauri suke a zuba.

Tuwon dawa da miyar kuka. Na ci da yawa.

Laraba, bayan la'asar

Ina gindin bedi sai ga Ɗelu da sandarta, salula a hannu, Lawali na biye da ita kamar wanda aka kama da akuyar mutane.

Ga abin da ya faru. Lawali yana son kowa ya hallara gobe, sai ya taɓa wurin da ke aika saƙo ga dukan masu aiki. Abin ya aika. Har gidan Ɗan Baba, har gidan Gurgu, har wurin Ɗelu. Maƙwabciyarta malamar lakwal ce ta karanta mata: wane, gobe da safe ka zo bakin tabki, za a zuba tushe, kada ka makara.

Lawali ya durƙusa yana ba ta haƙuri. Ya ce, "Inna, kuskure ne, yanzu zan bi gida-gida."

Ta ce, "Tashi, ɗan nan, kada ka ɓata wandonka. Ni tun da ya rasu ba wanda ya aiko nemansa sai yau. Har na ji haushi da ba ya nan in tashe shi." Ta juyo gare ni. "Dama shi kullum a makare yake, kai ka sani. An kira shi, ba zai samu zuwa ba, ni zan zo a madadinsa. Matar Gurgu ma ta ce za ta zo, da 'ya'yan Al'amin. An ce kana kiransu a rami. Mu ba mu taɓa ji ba, matan magina ba sa zuwa wurin."

Na ce ƙafata tana ɗan ciwo.

Ta ce, "Tawa ta fi taka, kuma zan zo."

Da suka tafi Habiba ta zo ta tsaya. Ba ta ce ai na faɗa ba. Ta ce gobe za ta tsaya bakin ramin da salula a hannu, in na so in dube ta, in ban so ba shi ke nan. Na ce ta tsaya inda ta ga dama, filin Allah ne.

Laraba, bayan isha'i

Ɗan Baba. Al'amin. Gurgu. Na jera su sun zo duka. Zuwaira ta wanke mini farar riga.

Alhamis, da yamma

Sun zo. Ban zaci haka ba. Tsofaffin mata da mayafai sun jeru kan tulin yashi, 'ya'ya da jikoki a bayansu, wani ɗan Al'amin tun daga Jibiya ya taso da asuba. Masunta suka bar taru suka matso. Magina yaran yanzu suka ajiye kayan aiki, sun ga abin ya fi ƙarfin sauri.

Na cire takalmi. Lawali ya riƙe mini hannu na sauka. Ƙasar ramin da sanyi, tabki na kusa.

Na fara. Ɗan Baba, Allah ya jiƙansa. Amin ɗin da ya taso ban taɓa jin irinsa ba, da muryar mata a ciki. Na kira Al'amin, ɗansa ya sunkuyar da kai. Na kira Gurgu, matarsa ta yi dariya tana share ido. Suna ta zuwa, kowa na jan hannun na bayansa.

Sai na zo wurin nan. Fuskar, haƙorin. Wanda na rubuta a littafin nan sau uku da hannuna.

Na tsaya. Na ji ruwa na bugun kwalekwale. Na ga Habiba ta ɗaga salula, ban kai ga dubanta ba.

"Hamisu."

Daga kan yashi ta fito, ba da ƙarfi ba, amma kowa ya ji. Ɗelu ce. Ta ja mayafi ta rufe baki kamar amarya, matan da ke kusa da ita suka juyo suna kallonta.

Na ce Hamisu, Allah ya jiƙansa. Aka ce amin. Sauran suka zo ba gardama har na ƙarshe, liman ya ja Fatiha.

Cokalin Ɗan Baba yana hannuna, wanda ake zuba simintin farko da shi. Na duba sama, ɗana yana tsaye bakin rami da takalmansa masu sheƙi. Na ce a raina in Ɗelu ta iya, ni me nake jira.

Na ce, "Lawali."

Ya waiwaya baya yana neman wanda ya kira shi.

Na ce, "Kai nake kira. Cire takalmin ka sauko. Tushe na gaba tare za mu kira, kana faɗa ina ji."

Ya sauko. Na miƙa masa cokalin, simintin farko rabinsa a kan ƙafata ya zuba.

Da muna tafiya Ɗelu ta tare ni da sanda. Ta ce, "Kada ka saba. Sau ɗaya ne, kuma ba don kai na yi ba." Na ce na ji. Ta ce gobe in kawo karfasa.

Na sha magani. Ga zanen.